Likita ta kira ni ta ba ni haƙuri, ni kuma na shara mata ƙarya

Yaya Babba, da ku sauran 'yan majalisar da ke zama bayan isha'i a Ƙofar Ƙaura, ina gaishe ku da kyau. Kun daɗe kuna yi mini tsiya wai tun da na sauka Manchesta ba abin da kuke samu daga wurina sai hoton ƙanƙara da kukan kuɗin haya. To yau ku gyara zama. Abin da ya same ni kwanakin baya na so in binne shi, don ni ne na kwashi kunya a ciki, amma ya ƙi barina in sake.

Ranar wata Talata ce da yamma, ina cikin bas zan koma gida, waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Muryar mace. Ta ce ita likita ce daga asibitin unguwarmu, in faɗi sunana da ranar haihuwata. Tambayar ranar haihuwa a ƙasar nan ta fi sallama yawa, ni kuwa kun san tawa hedimasta ne ya yanka mini ita, 1 ga Janairu, kamar rabin 'yan ajinmu. Na faɗa. Sai ta ce ko ina wurin da zan iya magana ba mai ji. Nan take gabana ya faɗi. A saninmu mutum ke neman likita. In ka ga likita ya biyo sawunka, ko dai akwai cikon kuɗi, ko kuma a fara tunanin likkafani.

Ta ce: "Sakamakon jinin da aka ɗiba maka ya dawo kwana 9 da suka wuce. Ya nuna ƙodarka tana wahala, kuma fotasiyam ɗin jininka ya ɗan hau. Ya kamata mu kira ka tun ranar. Ba mu kira ba. Kuskurenmu ne, ina ba ka haƙuri."

Wallahi sai na rasa bakin magana. Shekarata 46 a duniya, ban taɓa jin wannan kalma ta fito daga bakin likita ba. Abin da ya zo mini shi ne abin da aka raine mu a kai: haba likita, ai ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Na yi ta lalube cikin Turancina ina neman yadda zan lallashe ta, kamar ita ce mai ciwon ƙodar. Ba ta biye mini ba. Ta ce in daina shan sabon maganin hawan jinin daga yanzu, in zo gobe ƙarfe 8:30 na safe a sake ɗibar jini, in kuma na ji zuciyata tana bugawa ba daidai ba ko jikina ya saki cikin dare, kar in jira gari ya waye, in kira 999, lambar gaggawa. Sannan ta yi tambayar ƙarshe: ban da magungunan da suka rubuta mini, akwai wani abin da nake sha? Maganin ciwon jiki, ko na gargajiya, ko wanda aka aiko mini daga gida?

Na ce babu. A lokacin nan da nake faɗin babu, katin diclofenac yana cikin aljihun rigar sanyina, saura ƙwaya uku.

Kafin in ci gaba sai na ba ku tarihina da asibitin nan, don ku san ba masoyinsa ba ne ni. A nan Ingila ba ka tashi kawai ka nufi babban asibiti don kanka na ciwo. Kowa yana da ɗan asibitin unguwa da ya yi rajista a ciki, inda likitocin da suke ce wa GP suke zama, kuma ta hannunsu ake bi kafin a ga likitan ido ko na zuciya ko na ƙashi. Wurin ma "sajari" suke kiransa, alhali ko kaciya ba a yi a ciki. Ganin likita kyauta ne, haka tsarin lafiyar gwamnatinsu, NHS, yake tun 1948. Sai dai ga irinmu ba kyauta ba ce gaba ɗaya. Mu baƙi mun biya tun kafin a buga mana biza: yanzu fam 1,035 ne a shekara kan kowane babban mutum, ɗalibi da iyalinsa fam 776 kowanne. Ku buga shi a naira, ku ninka da kawunan gidana, sannan ku sake ce mini ina shan magani a ɓagas. Maganin ma kowane guda ɗaya da aka rubuta fam 9.90 ne, in ba yaro ba ne kai, ko mai ciki, ko wanda ya kai shekara 60, ko mai irin ciwon da aka yafe wa.

Samun ganin likitan kuwa shi ne yaƙin. Ƙarfe 8 na safe ake buɗe layin waya, 8 da minti ɗaya wata na'ura ta shaida maka kai ne na 27. Ka riƙe waya a kunne kana jin kiɗan da ko a gidan biki ba za a yarda da shi ba, in layi ya zo kanka a ce guraben yau sun cika, ka sake gwadawa gobe. In ka dace, sai matar da ke kan tebur, wadda ba likita ba ce ba nas ba ce, ta ce ka faɗa mata abin da ke damunka. Ni ɗan Katsina, in buɗe baki in gaya wa sa'ar ƙanwata cewa basir ne ya tashi? Rannan ce mata na yi ciwon ciki ne, aka haɗa ni da wanda bai dace ba, na ɓata mako guda a banza.

Wulaƙancin da ba zan manta ba shi ne na zuwana na biyu. Na makara da minti 12. Goma sha biyu fa, abin da a gida ko gaisuwa ba a gama ba. Matar nan ta dubi kwamfuta ta ce lokacina ya wuce. Na yi mata bayanin bas, na yi murmushi, na kira ta da girmamawa, har na ce mata digiri na uku nake yi a jami'a, Allah ya yafe mini. Ta ce ta fahimta ƙwarai, akwai gurbi nan da kwana 16. Mutane cike da ɗakin jira, kowa ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Na fito cikin yayyafi ina tuna yadda a gida da waya ɗaya zan buga wa wani da ya san wani, a shigar da ni ta ƙofar baya har a kawo mini kujera. Sai da na huce na tuna cewa duk ranar da aka shigar da ni ta ƙofar baya, akwai wata tsohuwa daga Batagarawa ko Jibiya da ke zaune a benci tun asuba, wadda na tsallake.

In ka samu shiga, minti 10 gare ka, kuma ciwo ɗaya. Ka kawo na biyu a ce ka nemi wani lokacin. Ka zo da mura da zazzaɓi kana sa ran allura, a ce ka sha ruwa da farasitamol ka kwanta. Allura a nan sai ka yi da gaske. Kafso ɗin da yaro ke sayo mana a kemis kamar alewa, a nan ba mai ba ka sai da takardar likita, shi kuma ba zai rubuta ba sai ya tabbatar ciwon nasa ne. Farasitamol ɗin ma a kanti ƙwaya 16 ne cikin kwali, fiye da kwali biyu ba za su sayar maka ba. Shekara biyu na yi ina gaya wa uwargida cewa likitocin ƙasar nan rowa ce ke damunsu, ba ilimi ba.

To hawan jini shi ya haɗa mu na dindindin. Sun fara ni da amlodipine, likitar ta ce shi ne ya fi karɓar baƙar fata a matakin farko. Bai sauka yadda ake so ba, sai wani likitan aro da ke riƙon ƙwarya a lokacin ya ƙara mini losartan, ya ce bayan mako biyu a ɗibi jini a ga yadda ƙoda ta karɓe shi. Aka ɗiba. Na ji shiru, na ɗauka lafiya ce. Ni kuma a gefe guda ina aikin dare a wani sito, awa 20 ɗin da doka ta yarje wa ɗalibi a mako, ina ta cicciɓar kwalaye, baya ya ce bai san zancen ba. Ga ledar da Hajiya ta aiko mini ta hannun ɗan Kawu, tare da kuka da daddawa da yaji. Kullum kafin in fita aiki ƙwaya biyu, wani lokacin in ƙara da asuba.

Daren Talatar nan na gaya wa Maman Nana yadda muka yi da likita, har da tambayar ƙarshe. Ta dube ni ta ce, "Ka ce mata me?" Na ce ai ba sai an tona komai ba, kar a ce mun shigo da magani ba bisa ƙa'ida ba. Ba ta ce uffan ba. Da safe na ga ta yafa mayafi ta ce raka ni za ta yi.

Bayan an ɗibi jinin, likitar ta kira mu ofishinta. Ta juyo da kujerarta ta fuskance ni, ta ba kwamfutar baya, ta warware mini yadda aka yi. Likitan aron da ya nemi gwajin kwantiraginsa ya ƙare kafin sakamako ya dawo. Sakamakon ya faɗa akwatin saƙonsa, ba wanda aka ɗora wa duba akwatin. Mai harhaɗa magungunansu ce, da take bin sunayen masu shan irin maganina kamar yadda take yi lokaci-lokaci, ta ci karo da shi. Likitar ba ta ɗora wa wanda ya tafi laifi ba, ga shi kuwa ba ya nan balle ya kare kansa. Cewa ta yi ramin a tsarinsu yake, kuma za su zauna a kai.

Tana rufe baki Maman Nana ta buɗe jaka, ta ciro ledar nan baƙa ta ajiye a kan tebur. Ta ce da ni da Hausa, a hankali, "Baban Nana, ka faɗa mata, ko ni in faɗa."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Likita ta kwance leda ta fara jerawa ɗaya bayan ɗaya. Diclofenac kati huɗu. Kafso ja da rawaya. Maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata robar ruwa da aka cika da jiƙo, an liƙa mata takarda an rubuta da biro. Sai ƙananan ƙulle-ƙullen farar leda, kowanne da ƙwayoyi biyar, fara da ruwan hoda da koriya da wasu ƙanana biyu, ba kwali ba suna ba ranar lalacewa. Ta ɗaga ɗaya ta haska shi a taga kamar mai duba zinare, ta ce wannan fa? Na ce na ciwon jiki ne. Ta ce mene ne sunansa? Na ce haɗi. Ta ce in rubuta mata. Na karɓi biro na rubuta haɗi, na ga tana neman sa a kwamfuta, dariya da kuka suka taho mini lokaci guda. Na ce mata ba za ta same shi ba, mai kemis ne ke haɗawa da hannunsa, shi kaɗai ya san abin da ke ciki, wataƙila shi ma ya manta.

Na jira faɗa. Da ta yi mini faɗan ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi ta gode da muka kawo. Ta zana mini ƙoda a bayan wata takarda, ta nuna yadda diclofenac ke matse hanyar da jini ke shiga, losartan kuma yana saki hanyar da yake fita, in suka haɗu sai matatar ta rasa ƙarfin tacewa. Ta ce tun 2015 aka daina sayar da ƙwayar diclofenac a ƙasar nan ba da takardar likita ba, saboda haɗarinsa ga zuciya, ni kuma ga ni da hawan jini ina watsa shi kamar gyaɗa.

Sai karar Katsinawa ta motsa mini. Na ga ga ƙofa ta buɗe da zan fitar da baiwar Allah nan daga kunya. Na ce, to likita ai shi ke nan, ashe laifin nawa ne, a bar maganar kuskurenku, kar a rubuta wa kowa komai. Ta girgiza kai. Ta ce abu biyu ne daban. Maganin da na sha shi ya sa ƙodar ta wahala, amma gwajin an yi shi ne don a kama irin wannan, ya kuma kama, su ne suka bar shi kwana 9 a akwati. Nawa za ta rubuta a fayil ɗina, nasu za ta rubuta a nasu.

Na ba ta mafita a faranti ta ƙi karɓa. Wannan shi ne abin da nake ta juyawa har yau.

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo, shafi biyu, da sa hannun manajan asibitin. An sake ba ni haƙuri a rubuce. An ce sun zauna, daga yanzu duk likitan da ba ya nan, likitan da ke bakin aiki a ranar shi zai buɗe akwatinsa kafin a tashi. A ƙasa kuma, abin mamaki, suka koya mini yadda zan kai ƙararsu: wanda zan rubuta wa, cewa dole su amsa sun karɓa cikin kwana uku na aiki, in ban gamsu ba ga ofishin mai sauraron koke na ƙasa. Wani abokina Bakano da na nuna wa ya ce, "Kai Malam, arziki ne ya biyo ka har gida, nemi lauya!" Na ce da wane bakin, bayan haɗi?

Kar ku ɗauka mutanen nan waliyyai ne, ko an haife su da faɗin gaskiya. Tsoro ne da doka, kuma da gawa suka saye su. Garin Hyde yana nan gefen Manchesta, tafiyar da ba ta kai daga Katsina zuwa Rimi ba. A can wani likitan unguwa mai suna Harold Shipman ya yi shekaru yana bin tsofaffi, yawanci mata, yana yi musu allurar diamorphine, mai kashe zafin ciwo, fiye da kima, su mutu a kujerar falonsu, shi kuma ya rubuta takardar mutuwa da hannunsa. Mutanen gari suna yabonsa, likita mai kirki mai zuwa dubiya har gida. Asirinsa bai tonu ba sai a 1998, da ya ƙirƙiri wasiyyar wata tsohuwa, ɗiyarta kuwa lauya ce, ta ce ba ta yarda ba. A Janairun 2000 kotu ta kama shi da kisan mutum 15, binciken da ya biyo baya ya tabbatar da 215, ana kyautata zaton sun kai 250. Duk shekarun nan kusan ba wanda ya tambaya, saboda likita ne. Ashe su ma sun taɓa yin irin karar tamu.

Daga irin wannan, da badaƙalar asibitin Stafford da aka fitar da rahotonta a 2013, aka yi ta ɗaure su. Tun ƙarshen 2012 kowane likita sai an sabunta masa lasisi duk shekara biyar, da shaidar abokan aiki da ta marasa lafiya. Tun 2015 doka ta wajabta wa asibitin unguwa, in an yi kuskuren da ya cutar da mutum, a gaya masa, a ba shi haƙuri, a rubuta. Akwai kuma hukumar CQC, da aka kafa a 2009, mai shiga tana duba wuraren nan da tambayoyi biyar: ko akwai aminci, ko maganin na aiki, ko ana mutunta mutane, ko ana biya musu buƙata a kan kari, ko shugabancin na da kyau. Ta ba da ɗaya daga maki huɗu, daga wanda ya yi fice zuwa wanda ya gaza, kuma dole a liƙa makin inda kowa zai gani. Shekara uku ina wuce takardar nan a bakin ƙofa ban taɓa karantawa ba, na ɗauka talla ce. Da na buɗe rahoton asibitinmu a intanet sai na ga har firjin rigakafi sun duba, ko ana rubuta sanyinsa kullum yana tsakanin digiri 2 da 8, har tukunyar iskar numfashi, har ranar lalacewar magungunan gaggawa.

Makin namu "mai kyau" ne. Mai kyaun nan shi ya manta da jinina. Rahoton ma ya kwana biyu, kuma a 2024 ministan lafiyarsu da bakinsa ya ce hukumar ba ta yin aikin da aka kafa ta dominsa. Saboda haka takardar bango ba ita ta burge ni ba. Kuskure suna yi kamar kowa. Bambancin, su sun riga sun sa a ransu cewa likita zai yi kuskure, sai suka ajiye wani a bayansa yana tsintar abin da ya zubar.

Yaya, ka tuna rashin lafiyar Baba ta ƙarshe? Ka tuna da na tambayi likitan nan sunan allurar da za a yi masa, ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ne likitan ko ni?" Kai kuma ka taka mini ƙafa, ka ce, "A yi haƙuri ranka ya daɗe, yaro ne." Ina da mata da ɗa a lokacin. Har Baba ya koma ga Mahaliccinsa ba wanda ya san abin da aka yi ta ɗura masa. Ban ce an yi kuskure ba. Cewa na yi ko an yi, ba mu da hanyar sani. Ka kuma tuna ɗiyar Goggo da aka yi wa allura a ɗuwawu tana shekara huɗu, ta taɓa jijiya, har yau tana jan ƙafa. Mai allurar ya zo dubiya, aka shimfiɗa masa tabarma, aka dama masa fura, ya ce haka Allah ya ƙaddara, muka ce wannan gaskiya ne, muka raka shi har zaure muna godiya. Mako na zagayowa yana nan yana yi wa 'ya'yan wasu.

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma mun mayar da ita bargo, duk abin da ba mu son gani sai mu lulluɓa masa. Ana yi mana kirari da ɗakin kara, kunya gare mu ba dai tsoro ba, muna jin daɗi. A zaure da wurin biki kara ado ce. A gaban mai allura kuwa, ni ban ga inda kunyar ta rabu da tsoro ba. Mara lafiya yana kunyar tambaya, likita yana kunyar cewa ban sani ba, dangi suna kunyar kai ƙara don mai laifin surukin wane ne. Ni da nake wannan wa'azi, kunyar ce ta sa na ce babu da kati a aljihu.

Kuma ba dokar ce ba mu da ita ba. Akwai majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, mai kotun ladabtarwa da ke iya ƙwace lasisi. Akwai NAFDAC tun 1993. A Yulin 2018 Osinbajo ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin mara lafiya a Abuja, a ciki har da haƙƙin a yi maka bayanin ciwonka da maganinka da harshen da kake ji. A cikinku wa ya taɓa ganinsa a bangon wani asibiti? Wa ya taɓa jin an karanta shi da Hausa?

Ban kuma yarda a ɗora wa likitocinmu duka ba. Mutumin da layi ke jiransa tun daga ƙofa har bakin titi, ba wuta, ba safar hannu sai dangi sun sayo, albashi sai an yi yajin aiki, ina ya ga minti 10 da zai zana maka ƙoda? Dubban likitocin da aka horar a Najeriya suna nan ƙasar suna aiki, wasunsu a irin wannan asibitin unguwa, suna kiran mutane a waya suna ba da haƙuri. Jinin ɗaya ne, makarantar ɗaya ce. Wurin zaman ne ya sauya.

Duk da haka kwanakin da na yi a kwance, gida na yi ta tunawa. Da a Katsina ne da kafin azahar zaure ya cika, wannan da kunun tsamiya, wannan da farfesu, wannan da rubutun sha, kowa da maganin da ya warkar da kakarsa. A nan ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai mai kawo wasiƙa. Maƙwabcina shekara biyu muna raba bango, bai san na kwanta ba. Hoton ƙodar da aka ce a yi mini sai da na jira mako 7, abin da a gida in da kuɗinka kafin la'asar ka riƙe sakamako. Ko mutuwa ma ba a barinka ka yi ta cikin sauri: tun Satumbar 2024 duk wanda ya rasu sai wani likita na daban ya bi takardunsa kafin a ba da izini, gadon Shipman ke nan. Wani dattijo Bahaushe da muke sallah tare ya kwana huɗu kafin a sa shi a makwancinsa. Na tsaya a maƙabarta cikin sanyi ina ce wa raina, ni dai Allah ya sa a gida za a yi tawa.

Ƙodar ta dawo daidai, alhamdu lillahi. An mayar da ni kan maganin a hankali, bayan kuma aka haɗa ni da masu gashi da motsa jiki. Ledar tana wurin mai kemis ɗinsu, ya ce zai ƙona.

Yanzu ga dalilin da ya sa na sa sunanka a sama, Yaya. Hoton magungunan Hajiya da na ce ka ɗauko mini ya iso jiya. Na ga ambulan uku, an cire ƙwayoyin daga kwalinsu, an ja layi-layi da biro, ɗaya da safe ɗaya da dare. Na ga ƙullin haɗi guda biyu a gefen faranti, ga ta da hawan jini, ga ciwon gwiwa, kuma ban san ranar da aka taɓa duba mata ƙoda ba. Don Allah ranar Litinin ka kai ta da kanka, ka kwashi komai har jiƙon da ke ƙarƙashin gado, ka zube a gaban likita. Ka ce ya rubuta maka sunan kowanne a takarda, ka roƙi gwajin ƙoda, kuɗin na turo wa Sani. In ya leƙo ka ta saman tabarau, ka ce ɗanta ne da ke Ingila ya matsa, ka ɗora mini rashin kunyar, na ɗauka.

Ka kuma gaya mata ɗan Kawu zai sake tahowa bayan Sallah. Kuka ta ƙare, daddawa saura kaɗan. Ledar ce kawai kar ta sako.